Ƙofar da Ta Kalli Titi

Shekarar da gwiwoyin Inna suka ƙi hawa bene, mu uku muka zauna a falon Yaya don a san yadda za a yi da ita. Haka ya faɗa, "yadda za a yi da ita", sai ka ce tsohon firji ne ya tare hanya. Yaya ne babba, ni ce mace ɗaya a tsakiya, sai ƙanenmu mai sayar da wayoyi a Ikeja. Inna tana ɗakinta, taku goma daga inda muke zaune. Ba wanda ya ce a kira ta, ni ma ban ce ba.

Gidan namu a Agege yake. Mahaifinmu ya saye shi da cinikin goro, kuma bayan rasuwarsa Yaya ya ɗora bene, ya zuba 'yan haya a ƙasa, ya mayar da Inna sama. Duk da haka kullum sai ta sauko. Tsakar gida ce rayuwarta. A nan take zama kan tabarma tana tsinke zogale, tana raba faɗan matan haya da Hausa da Yarbanci, tana sanin wa ya haihu wa ya yi yaji. Da ƙafa ta gagara, aka ce a gina mata ɗaki da banɗaki a ɗan siririn filin da ya rage, tsakanin tsakar gida da titi. A tashi ɗan haya ɗaya a ba ta ɗakinsa kuwa, wannan ko a bakin wasa ba ta fito ba.

Kada a ce ba mu yi shawara ba. Wata uku muka yi muna yin ta. Yaya ya kawo mai zanen gini, wani Bayarabe da ba ya rabo da igiyar awo. Aka nemo takardar izini daga ofishin gwamnati, don kada a wayi gari a ga jan fentin rusau a bango. Aka ja baya daga kwata yadda doka ta ce. Aka ɗaga ginin da matakala uku, saboda in ruwan Legas ya sauka titinmu kogi yake zama. Aka nisanta ramin masai da rijiya. Har limamin unguwa aka ɗauko ya tsaya cikin rana yana nuna gabas, don kada banɗaki ya fuskanci alƙibla. Aka ce a sa mitar wuta daban. Kwata an tuna da ita, rijiya an tuna da ita, har ɓarawon da bai zo ba an yi masa tanadi. Tsohuwar da za ta kwana a ciki ce kawai ba a tambaya ba.

Ranar da aka shimfiɗa zanen a kan tebur na duba na ce, "Yaya, ƙofar fa? Ai cikin gida za ta kalla ko?"

"Titi za ta kalla," in ji shi. "Abeg ki riƙa tunanin gaba. Gini ba don shekara biyu ake yin sa ba."

Mai zane ya ɗora da cewa, "Oga ya yi gaskiya, anti. In ƙofa ta yi faɗi, gobe shago ne. Ko si wahala," wato ba matsala a Yarbanci.

Raina ya ɓaci. Na ce uwarmu da ranta ake yi wa lissafin gobe? Na ce to a yi ƙofa biyu. Yaya ya ce ƙofa biyu hanyar ɓarayi ce. Ƙanenmu ya sunkuya yana danna waya, kamar a gidan maƙwabta ake maganar. Na yi ta faɗa har murya ta shaƙe, na ɗauki mayafina na fita.

A bakin ƙofar gida Yaya ya cim mini. Ya sassauta murya ya ce, "Ke da kullum kike kokawar shiga motar danfo zuwa kasuwar Oshodi da dilar atamfa a ka, wa kike tsammanin zai zauna a ɗakin nan wata rana?"

Ban ce e ba. Amma ban sake tayar da maganar ƙofa ba, kuma na san abin da shirun nan yake nufi. Shekaru na yi ina gaya wa mutane Yaya ne ya yi, Yaya ne mai son abin duniya. Gaskiya ne, amma ni ma an taya ni na sayar.

Ranar tarewa aka sauko da Inna a kan kujera. Ta tsaya a gindin matakala tana riƙe da hannuna, ta daɗe tana kallon ƙofar. Ta ƙarfe ce, mai ganye biyu, irin ta kowane shago a layin. Sai ta ce, "Masha Allah, ta yi faɗi. Makara za ta fita ba sai an karkata ta ba."

Yaya ya yi dariya ya ce, "Haba Inna, wace irin magana ce wannan!" Ita kuwa ba shi ta kalla ba, ni ta kalla. Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Don ta shiga tsakar gida, bango ɗaya tsakaninsu, sai ta sauka matakala uku, ta bi gefen kwata tana kaucewa baburan 'yan okada, ta zagaya ta babbar ƙofa. Ta yi haka sati biyu ko uku, sannan ta daina. Zama a bakin titi kuwa ba tarbiyyarta ba ce. Matar da ta shekara hamsin ba ta leƙa waje ba mayafi, ba a tsufanta za ta zauna masu wucewa suna ƙare mata kallo ba. Sai ta rufe ƙofa ta saki labule, ta zauna cikin zafi da ƙarar janareton wani mai walda da ke tsallaken titi. Abinci ana kai mata sau uku, ba a taɓa fashi ba, kuma Yaya yakan faɗi haka a gaban baƙi. Matan haya suka riƙa leƙa ta da farko, daga baya kowa ta kama gabanta.

Nakan biyo in na taso daga kasuwa, a gajiye, ina duba agogo. Sau da yawa takan ce mini, "Ɗazu na yi ta kiran ku, ba wanda ya amsa." In na tambaya a cikin gida kowa ya ce bai ji ba. Muka yanke cewa tsufa ne, tana ganin ta yi kira alhali ba ta yi ba. Har ƙanenmu ya ce a gaya wa likita.

Shekara biyu da 'yan watanni ta yi a ɗakin. Da safe aka kai mata koko aka tarar rai ya yi halinsa. Makarar ta fita ba a karkata ta ba, ina tsaye ina gani. Bayan sadakar arba'in Yaya ya aiko mini da makulli a cikin ambulan. Na so in mayar masa, na yi kwana uku ina so, sannan na kira kafinta ya buga kantoci.

Yanzu a nan nake wuni. Ginin bai taɓa yoyo ba, ruwa bai taɓa shiga ba, hukuma ba ta taɓa zuwa ba, kowa ya gani sai ya yaba wa wanda ya tsara. Abin da ban sani ba sai da na zauna shi ne bangon baya ba ya ɓoye komai. Ina jin daka, ina jin hirar matan haya da dariyarsu, ina jin matar Yaya tana tambaya wa zai ƙara tuwo. Ashe duk wannan tana ji.

Wata rana da la'asar ba ciniki, na tashi na je jikin bangon, daidai inda gadonta yake a da, na kira matar Yaya. Na sake kira. Na ɗaga murya iya ƙarfina, ni da nake da lafiya da ƙirji mai kyau, har mai walda ya ɗago kai daga can tsallaken titi. A tsakar gida hira ta ci gaba, ba wanda ya amsa.