Shekara Ukun Iya a Tsakiyar Ruwa

A gidanmu da ke ƙauyen Turawa, lokacin sanyi, da an idar da magariba kakarmu Iya takan tura dankali cikin tokar murhu, mu jikokinta mu kewaye ta. Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma wanda ya fi zama a raina labarin kanta ne, na lokacin da ta bi kakanmu Malam Sule wani tsibiri inda aka ɗauke shi aikin gonar koko. Mahaifina ne a goye a bayanta.

"Kwana uku muna cikin jirgin ruwa," in ji ta. "Da gari ya waye sai ga dutse kore shar, gajimare ya rufe kansa. Na ce, Malam, ko Aljanna aka kawo mu?"

Ga ayaba tana nuna a bakin hanya ba mai kallonta, ga kwakwa, ga kifi tsawonsa ya kai yaro. Amma ruwan sama ba ya ɗaukewa. Zani sai ya kwana uku bai bushe ba, garin geron da ta taho da shi ya yi fumfuna cikin mako guda. Sannan zazzaɓi ya kama jaririn.

A ƙasar Ƙaraye, in wuri bai karɓe ka ba, ƙunshinka za ka ɗaure ka kama hanyar Rogo. Haka ta yi. Ta goya ɗanta ta miƙe, tana tafiya har hanya ta ƙare a bakin teku. Washegari ta bi wata hanyar, nan ma teku.

"Iya, da kin yi iyo mana!" na ce.

"Kai maigidana, ni da rafin Kurugu ma sai an riƙe mini hannu?"

Wata tsohuwa mai gasa kifi ce ta same ta tana kuka a kan yashi. Ba su jin yaren juna, amma ta dafa wani ganye ta ɗura wa yaron, ya samu sauƙi. Takardun Malam kuwa suna hannun mai gonar, ba tafiya sai wa'adi ya cika. Shekara uku, duk ranar da jirgi zai tashi Iya tana tsaye a gaɓa tana kallonsa har ya ɓace.

A lokacin dariya muke yi. Yanzu ina tuƙin mota a wata ƙasa wadda dogayen gine-ginenta suka ruɗa ni ranar da na sauka, fasfona kuma yana kulle a ofishin waɗanda suka ɗauke ni aikin, shekara ta biyu ke nan. Sai a nan na lura da abin da ya wuce ni ina yaro: Iya ba ta taɓa ba mu labarin ranar dawowarta ba. Kullum a gaɓar nan take tsayawa, sannan ta ce mu tashi mu yi alwala.