Ladabin da Aka Shigo da Shi Daga Koriya

Shekarun baya kaɗan, bayan na ajiye aikin duwan, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira kwastan, na ɗauka na yi sallama da binciken mutane har abada. Ƙuruciyata a bakin iyaka ta Kodjoviakopé ta ƙare, ina duban fuskokin masu shiga da masu fita, har ta kai ba sai na buɗe jaka nake sanin an ɓoye wani abu a cikinta ba. Abin da aikin ya koya mini shi ne, mai ɓoye kaya a ɗabi'arsa ake kama shi: ladabinsa yakan yi yawa a inda ba a bukatarsa, ya kuma gaza a inda ake bukatarsa. Ban san bincike mafi wuya yana jirana a falon gidana, a nan Zongo ba.

Auta, wato 'yata ta ƙarshe, ta gama karatun jinya ta fara aiki, sai ta sanar da mahaifiyarta cewa akwai wanda ke son zuwa ya gaishe ni. Na ce ya zo.

Ya iso bayan la'asar, ɗauke da kwandon lemo da abarba an naɗe shi da leda mai ƙyalli, kamar mai zuwa dubiya asibiti. Ya tuɓe takalmansa, ya jera su suna fuskantar ƙofa. Ina jira ya tsuguna kamar yadda kowane ɗan Zongo ke yi a gaban uban yarinya, sai na ga ya tsaya ƙiƙam, ya manna hannuwansa a cinyoyinsa, ya sunkuya har na ga tsakiyar kansa. Na ce a raina, wannan ai ruku'u ne, ni kuwa ba alƙibla ba ne.

Aka kawo shayi, na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, sa'an nan ya juya fuskarsa wajen bango, ya kare kofin da tafin hannu, ya kurɓa. A nan kunnena ya miƙe. A duk tsawon aikina, ban taɓa ganin mai gaskiya ya ɗauke fuskarsa daga jami'in da ke dubansa ba.

Ina cikin auna wannan, Hajiya mai ɗakina ta aiko da tuwon masara da miyar ayoyo, wato lalo. Kowa ya san wannan tayi ne na al'ada kawai. Mai neman aure yakan yi godiya, ya ce a ƙoshe yake ko da yunwa na kashe shi, domin ba a cin abinci a gaban suruki. Yaron nan ya wanke hannu, ya ja kwano, ya cinye tas a gabana. Har ya ɗaga murya yadda za a ji a tsakar gida, ya ce, "Hajiya, tun da nake ban taɓa cin miya irin wannan ba." Aka ƙaro masa, ya cinye wannan ma.

Da ya tafi na kira Hajiya na ce, "Yaron nan akwai abin da yake ɓoyewa."

Ta ce, "Alhaji, ka yi ritaya fa."

Na ce, "Aikin ne na ajiye, ban ajiye idona ba. Mutumin da ke jin kunyar in ga yana shan shayi, amma ba ya jin kunyar in ga yana lashe kwano, ladabinsa ba nasa ba ne."

Ta toshe baki da gefen mayafi ta fita. Daga ɗakin ciki na ji ita da Auta suna dariya ƙasa-ƙasa. Wannan dariya ma na ajiye ta a raina.

Na sa abokina, wanda muka yi makaranta tare kuma ya san kowa a garin nan, ya binciko mini asalinsa. Ya dawo da labari cewa mahaifin yaron Bahaushe ne, bafataken goro, ya rasu tun yaron yana ƙarami. A Baguida ya tashi, can wajen gari, wurin dangin mahaifiyarsa. Sana'arsa haɗa wutar sola. Yana salla, ba ya shaye-shaye, ba a san shi da wata mace ba. Abokina ya ce, "Ka yi sa'ar suruki." Ni kuwa shaidar da ta cika kyau ta fi tayar mini da hankali.

Wata rana da rana tsaka ina ratsa falo, na tarar da Hajiya da Auta a gaban tele, suna kallon fina-finan nan na Koriya masu dogon zango, na soyayya da barkwanci, waɗanda aka juya zuwa Faransanci. Da ma ban taɓa tsayawa a kansu ba, na ɗauke su ɓata lokaci. Ran nan idona ya faɗa kan wani saurayi a cikin akwatin, ya zo gaishe da uban budurwarsa. Ga kwandon 'ya'yan itace. Ga sunkuyo. Aka miƙa masa kofi, ya karɓa da hannu biyu, ya juya fuska gefe. Aka jere masa abinci, ya yi ta ci yana yabawa, uwar yarinyar tana murna tana ƙara masa.

Na tsaya riƙe da sandata. Kayan da aka kawo mini ne, har da tambarin ƙasar da aka ƙera su.

Ban ce wa kowa komai ba. Jami'in kirki ba ya kama ɗan dako kafin ya san hanyar da kaya ke bi. Duk ranar da Hajiya ta tafi kasuwar Adidogomé, Auta kuma tana wurin aiki, sai in rufe ƙofar falo in kunna tele. Don bincike kawai, ina so a fahimce ni. Gaskiya ne akwai ranar da aka ɗauke wuta daidai lokacin da wata yarinya mai tsiwa za ta gane cewa mutumin da take zagi shi ne mai kamfanin da take wa aiki, na kuma faɗi wata kalma da ba ta dace da shekaruna ba. Amma wannan ma bincike ne.

A hankali na gane tsarinsu. Sai an fara da faɗa kafin a so juna. Dole ruwan sama ya sauko, saurayi ya bayyana da lema. Dole ƙafar budurwa ta gurɗe, ya tsuguna ya goya ta. Dole kuma akwai wani tsoho, shugaban kamfani, mai murtuke fuska da yawan gyaran murya, wanda ba ya yarda da kowa. Idan tsohon ya ƙi, saurayi yakan zo ya durƙusa a ƙofar gida cikin ruwan sama har zuciyar tsohon ta yi laushi.

Na yi dariya a wurare da dama, ba zan musa ba. Amma wani abu ya hana ni sukuni. Duk fim ɗin da na kalla, a ranar aure yake ƙarewa, ko ma kafin nan. Ni kuwa abin da ke bayan wannan ranar nake tsoro. Wanda ya iya haddace ladabi zai iya haddace soyayya. In haddar ta ƙare, Auta tana ɗakinsa, da wa za ta zauna?

Sai na ɗana tarko. Na aika masa cewa kada ya sake taka gidana sai na neme shi. Damina ta kama. Na ce in ya zo ya durƙusa a ƙofata cikin ruwa, to na tabbata ɗan wasa ne, magana ta ƙare.

Auta ta same ni a zaure, ta tsuguna, ta ce, "Baba, me ya yi?"

Na ce, "Bai yi komai ba. Shi ne damuwata."

Ta ce, "In ka ce a'a, ba zan tsallake maganarka ba, Baba. Amma ba zan kawo maka wani ba."

Ta tashi. Daga ranar gaisuwarta ta koma ta wajibi kawai, tele ma ta daina kallo. Gidan ya yi shiru irin wanda ban so ba.

Ruwa ya yi ta sauka. Duk lokacin da aka fara yayyafi sai in ɗaga labule in leƙa ƙofar gida. Ba kowa sai awakin maƙwabta da suka fake. Makonni suka wuce, yaro bai zo ba, bai aiko ba, bai yi waya ba. Na ce ya tsaya, ya tsaya. Wannan kuwa babu shi a cikin fim ko ɗaya da na kalla.

Ran wata Juma'a muna cikin masallaci aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da aka sallame, hanyar gidana ta zama kogi, ruwa ya shafe lambatu ba a gane inda yake. Masu zemijan, wato 'yan babur ɗin haya, duk sun ƙi shiga. Ni kuma girman kai bai bar ni na jira ba. Na tattare babbar rigata na shiga. Ban yi nisa ba gwiwata ta hagu, wadda ta daɗe tana yi mini gargaɗi, ta riƙe. Sandata ta zame, ruwa ya tafi da ita. Na dafa katangar wani shago, na kasa gaba na kasa baya.

Sai na ji ruwan ya daina dukan kaina. Na ɗaga ido na ga lema. Na waiwaya na ga yaron.

Na ce, "Me ya kawo ka Zongo?"

Ya ce, "Baba, ka ce kada in zo gidanka. Ba ka ce kada in zo masallaci ba."

Ya miƙa mini lemar, ya juya, ya tsuguna a cikin ruwan, ya ba ni baya. Na dubi bayan nan, na san ainihin inda na taɓa ganin wannan. Na ce, "Wannan ma daga Koriya ne?"

Na ga ƙeyarsa ta ƙame. Can ya ce, "Baba, su can budurwa suke goyawa. Kuma ba ta kai ka nauyi ba."

Ruwa yana ƙaruwa, jama'a suna kallo daga rumfuna. Na hau.

A bakin iyaka mun san wani abu: ɗan dakon da ke ɗauke da kaya mai nauyi ba shi da numfashin da zai shirya ƙarya. Saboda haka a nan, a bayansa, ina riƙe da lema, na yi masa tambayoyina.

"Wa ya koya maka juya fuska in kana shan shayi?"

"Fim, Baba."

"Cinye tuwon suruki fa?"

"Shi ma."

"Ba ka san a wurinmu abin kunya ne ba?"

Ya tsaya cak a tsakiyar ruwan. "Abin kunya ne?"

"Babba."

Ya ci gaba da laluben hanya da ƙafa. Yana haki ya ce, "Ni ban taɓa ganin an je gaishe da suruki ba, Baba. Mahaifina ya rasu ban yi wayo ba. Dangin uwata nasu tsarin daban ne. Na ji nauyin in tambayi 'yan Zongo, kada a ce ga ɗan Bahaushe bai san gaisuwa ba. Auta ta ce kai mutum ne mai son ladabi. A fina-finan da take kallo ne kaɗai na ga saurayi a gaban uban yarinya. Na yi ta gwadawa a gaban madubi." Ya ja numfashi. "Tuwon ma a ƙoshe nake. Kwano na biyu da ƙyar ya shiga."

Ban ga fuskarsa ba, ni da na saba karanta fuska. Abin da na gani shi ne jijiyoyin wuyansa, da yadda yake dafa ƙasa da ƙafa kafin ya taka, don kada ya jefa ni a lambatu. Na yi shekaru ina kama masu shigo da kayan waje don su sayar. Ban taɓa tunanin wanda ya shigo da su domin ba shi da na gida ba.

Da muka iso ƙofar gida ya sauke ni a kan dakali, ya ja da baya, ya tsaya a waje cikin ruwa. Na ce, "Me kake jira?"

Ya ce, "Ba ka neme ni ba tukuna."

Na ce, "To na neme ka. Shigo. Tsugunawa ake yi, ba ruku'u ba. In an kawo tuwo kuma, ka ce ka ƙoshi."

An ɗaura aure bayan babbar salla. Abin da mahaifinsa bai samu koya masa ba, ni na koya masa, kuma ya riƙe. Shayi ne kawai na kasa gyarawa. Har yau yana juya fuska in zai sha a gabana, ɗansu ma da ya fara tafiya haka yake yi da kofin kokonsa, na kuma daina magana. Na fahimci cewa ladabi duka koyonsa ake yi, nawa ma a wurin wani na gani na kwaikwaya. Abin dubawa shi ne me mutum zai yi ranar da abin da ya haddace ya ƙare.

Sai dai ido bai yi ritaya ba. Daga baya na gano cewa tun ranar tuwon nan, a ɗakin ciki "shugaban kamfani" ake kirana. Kuma har yanzu akwai abin da bai kwanta mini ba. Baguida ba kusa ba ce. Masallatan Juma'a sun cika garin nan. Wa ya gaya masa wanda nake zuwa, da hanyar da nake bi, da cewa ba na fita da lema? Na tambayi Hajiya, ina duban fuskarta sosai kamar yadda na saba. Ta karɓi kofin shayinta da hannu biyu, ta juya fuska wajen bango, ta kurɓa, sa'an nan ta ce, "Alhaji, matsa kaɗan, ka tare mini tele."