Zanin Goyon Da Bai Jiƙe Ba

Ku matso kusa, 'yan uwa, ku ji wata magana da ta daɗe tana cina. Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanwata Hajara, Allah Ya jiƙanta. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma kunnena ba ya mantuwa.

A Mamudo aka yi mata aure. Ɗanta na fari Bukar, ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "yaron nan". Haka muka tashi muka tarar: ɗan fari na kaka ne, uwa ba ta nuna damuwa da shi a gaban surukai.

Yana fara rarrafe gudawa da amai suka kama shi. Surukarta ta ce haƙori ne. Maɗigarsa ta faɗa, aka kwaɓa magani aka shafa. Ranar da na je dubiya, Hajara ta ja ni bayan rumbu, murya ƙasa-ƙasa kamar mai sata.

"Yaya, zanin goyon nan tun jiya bai jiƙe ba. Yana kuka babu hawaye. Nono ma ya ƙi kamawa."

Na je na faɗa wa tsohuwar. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke 'yar birni, a kanki aka fara haihuwa? Uwarsa ma ba ta ce komai ba."

Ta yaya za ta ce? Ku kuka ɗaure mata baki, sannan kuka kafa hujja da shirunta.

Sai da yaro ya daina kukan ma aka yarda aka kawo shi asibitin Potiskum. Likitan yara ya yi ta neman jijiyar da zai sa ƙarin ruwa. Bai yi wa kowa faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi: yaushe yaron ya daina fitsari? Mai amsar, Hajara, tana tsaye a bakin ƙofa, kanta a sunkuye. Ranar na fara jin sunan a bakinta. "Bukar!" Bai amsa ba, rai ya yi halinsa.

Daga nan Hajara ta ajiye kunya. Duk gidan suna sai ta zauna kusa da mai jego tana cewa, "In ya ƙi nono, in fitsari ya ɗauke, in haƙarƙari na lotsawa wajen numfashi, in jiki ya yi zafi har da jijjiga, kar ki jira kowa." Mata na dariya, wai baƙin ciki ya taɓa mata kai. Ita kuwa cewa take barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Da za ta leƙo yau, me za ta gani? Kemis a kowane lungu, keke napep har ƙofar gida, waya a hannun kowa. Amma "haƙori ne" na nan daram. Abin da ya ƙaru kawai, yanzu a waya ake turo wa uwa haɗin magani.

Kwanan baya a layinmu na Dogo Tebo na shiga gidan maƙwabta aron turmi. Yarinya da ɗanta na fari a cinya, ƙirjinsa na shiga yana fita, ita kuwa sai satar kallonsa take, surukarta na cewa a bari maigida ya dawo daga kasuwa. Na tsayar da keke, na saɓi yaron, uwar ta biyo ni ko takalmi babu. An kwantar da shi a asibiti, ya tashi. Har yau surukar ba ta amsa gaisuwata, wai na raina mata gida. Ta riƙe gaisuwarta.

Hajara ba ta bar gida ko gona ba. Abin da ta bari shi ne wannan rashin kunyar, kuma na gada. To ke uwa mai karanta wannan, in zanin goyonki ya wuni a bushe, wa za ki jira ya ba ki izinin kiran sunan ɗanki?