Baƙon Da Ya Ƙi Tuwon Gidanmu

Na tsufa, na manta abubuwa da yawa, amma zuwan ɗan kokawar nan na Kano gidanmu a Zango yana nan a idona kamar jiya.

Shekarar da muka samu 'yancin kai ne, bayan an cire amfanin gona. Ina 'yar lakwal, wato makarantar boko, mai kunyar da ko gaisuwa sai na sunkuya. An gayyato shi ya kara da yayana, kuma Baba ne ya sauke shi, don yana fatauci da danginsa. Ban taɓa ganin mutum mai girmansa ba. Sai ya karkata kafin ya shiga zaure.

Ni ke kai masa abinci, ni ke dawowa da shi yadda na kai. 'Yan kokawa ba sa cin abincin gidan abokin karawa, tsoron sammu. Furar da ya taho da ita tun daga gida yake sha, wadda ta sha rana a bayan kamyo, babbar motar kaya. Na lura tana kumfa, warinta har ƙofa. Na raɗa wa kakata, ta ce, "Wayyo, zai gaya wa cikinsa."

Kashegari kuwa sai zawo da amai. Ƙaton nan ya koma yana dafa bango, buta a hannu. Mutanensa suka fara cewa an yi masa asiri a gidanmu. Maganar ta kai kasuwa. Baba ya kasa fita. Wa zai ƙara sauka gidan da ake cutar baƙo?

Kakata ta dama kunu mai ruwa-ruwa da gishiri, ta shiga zauren da kanta. Ta kurɓi ludayi a gabansa.

"Ɗan nan, in guba ce mu tafi tare. Sha!"

Ya dube ta, ya karɓa.

Ranar karawa ya shiga fili ƙafafunsa na rawa. Yayana ya kama shi, sai ya sake shi, ya ɗaga wa makaɗa hannu.

"Ku tsaya. Wannan ba shi aka ba ni labari ba. A bari ya ci abinci tukuna."

Aka ɗage karawar, jama'a suka watse.

Baƙo ya zauna yana cin tuwonmu har da neman ƙari. Da ya murmure aka sake buga ganga. Kafin in gyara tsayuwa ya ɗaga yayana sama ya shimfiɗe shi a rairayi.

Baba ya fi kowa dariya. "Jama'a, ku shaida! Tuwon gidana ne ya kayar da ɗana!"

Tun ranar na gane cewa abin da mutum ya ɗauko daga gida don tsoron mutane yana iya fin mutanen cutar da shi.