Telar da Ta Hana a Ɗaure Ƙaninta

Kafin ta taɓa keken ɗinki da safe, sai Yaya Tela ta leƙa ɗakin ƙaninta. Ta dubi gadon ta ga ko an kwanta a kai, ta saurari yadda zai amsa gaisuwa, ta miƙa masa magani ta tsaya har ya haɗiye. Sannan ta buɗe shago ta fara saɓa wa mutane alkawari kamar kowane tela.

Ƙanin nata malamin makaranta ne, yana fama da ciwon nan mai hawa da sauka. In ya hau, barci ya ƙaurace masa, magana ba birki, ya rabar da kayansa har takalmi. In ya sauka, ko ɗaga labule sai ya gagare shi.

Maƙwabta ba su manta ranar da ya tsaya tsakiyar titi ba riga, yana tare motoci yana koya wa direbobi lissafi ba. Da ƙyar aka shigo da shi gida. Kawunsu ya zo da igiya da kwaɗo, ya ce a ɗaure shi a kulle kafin ya ƙara kunyata dangi.

Yaya Tela ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, "Kawu, ka yi haƙuri, ba da ni a raye ba. Mara lafiya ne, ba ɓarawo ba."

Ta shiga da rigarsa ta zuwa aji, a goge. Wasu suka ce ta lallaɓa shi, ta ce masa yawo za su. Ta ƙi.

"Auta, ba zan yi maka ƙarya ba, asibiti za mu. Ina tsoro, kuma ba zan bar ka kai kaɗai ba. Sa rigarka."

Ya zage ta, ya yi dariya, ya yi kuka. Tana tsaye da riga a hannu. Can ya miƙo hannuwa, ta ɓalla masa maɓallai, ya tafi wurin likita da ƙafarsa.

Yaya Tela, ke ce kika san ƙaninki daban, ciwonsa daban. Kin sha zagin da ba naki ba, kin share hawaye a bayan tulin yadi, kin fito kina tsokanar masu jiran kaya. Yanzu da ido ya gaji kike ajiye keke, mun gode, Allah ya saka miki. Duk mai irin wannan mara lafiya a gida, ya koyi faɗin gaskiya da tsayawa kusa.

Malam ya koma aji tuntuni. Ciwon bai tafi ba, yana leƙowa. Sai dai kwanan baya shi ya shigo shagon da kansa, ya tsaya a kanta.

"Yaya, na ji abin yana tasowa. Tashi ki raka ni."