Saura Sakan Huɗu

Ban san komai game da ƙwallon kwando ba sai da ɗana na biyu ya shiga kwaleji. Ni mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne, wadda muke kira mukayyif a nan Madina. Shagona yana Aƙiƙ, gidana kuma yana Al-Sih, cikin layin da aka haife ni. Yaron ya ɗauko tsawon dangin uwarsa, tun yana sakandare sai ya sunkuya yake shiga kicin. Kwalejinsu ƙarama ce, ta koyon sana'a, can wajen Ƙuba bayan wasu tsofaffin gonakin dabino. Zauren wasansu ma ƙarami ne, bencuna 'yan kaɗan a kowane gefe, in ka miƙa hannu daga layin gaba kana iya taɓa rigar ɗan wasa.

Ranar farko na je ne kawai don ya ga na je. Kafin shekara ta raba, na zama ni ne mai rufe shago tun azahar ranar wasa. Mu 'yan kallo ba mu da yawa: ɗalibai, da iyaye ƙalilan. Akwai direban bas ɗin kwalejin, Bahaushen Sudan, mai zuwa da ƙaramar ganga. Akwai wani dattijo Balarabe mai sayar da dabino, jikansa yana cikin 'yan wasanmu. Shi wannan dattijo, da zarar maki ya matso kusa da juna a ƙarshen wasa, sai ya juya wa fili baya, ya fuskanci bango da carbinsa, yana taɓa ni da gwiwar hannu yana tambaya ko ta shiga. Ni kuwa ihu nake yi. Nakan dawo gida murya a dishe, mai ɗakina ta haɗa mini citta da zuma tana cewa mutum da furfura a gemu. Sau ɗaya ɗana ya roƙe ni, da Larabci kamar yadda ya saba yi mini magana, in riƙa rage murya, wai har a tsakiyar fili yana jin tawa daban da ta kowa. Na ɗauki maganar yabo ce.

A ƙarshen kakar wasa ake yin gasar ƙananan kwalejoji, sili-ɗaya-ƙwale, wanda aka ci ya tafi gida. Shekarar da nake magana mun tsallake zagaye biyu da ƙyar, ɗaya ma sai da aka ƙara lokaci. Sai muka kai zagayen kusa da na ƙarshe, aka haɗa mu da wata kwalejin koyon aikin lafiya. A cikinta kuwa ɗan maƙwabciyarmu yake wasa.

Wannan yaro tare suka tashi da ɗana, a faranti ɗaya suke cin abinci a gidana. Ubansa abokina ne, kafinta, mutumin Chadi. Ya tafi gida duba mahaifiyarsa da ba ta da lafiya, da cewa wata biyu zai yi. Lokacin da nake ba da labarinsa ya shekara shida bai dawo ba. Da farko yana kiran waya, daga baya kiran ya yi ta raguwa har ya ɗauke. A unguwa ba mai ɗaga zancen a gaban yaron ko uwarsa, amma kowa ya san abin da ake faɗa a bayansu. Ni ne na kai shi asibiti da ya karye a hannu, ni ne na je makarantarsu da aka nemi uba. Baffa yake ce mini. Kuma shi, ba kamar nawa ba, in na yi masa Hausa da Hausa yake amsawa, irin ta ubansa mai gauraye da Larabcin Chadi.

Ranar wasan ni na ɗauke su duka biyun a motar shago, suna baya tsakanin kayan aiki suna tsokanar juna. Ɗan maƙwabciyata ya ce mini in shirya zumar da yawa yau, don ihun banza zan yi. Na ce za mu gani. Muka yi la'asar a masallacin kwalejin, kowa ya shiga ɗakin 'yan ƙungiyarsa.

Ban taɓa ganin wasa irin wannan ba. Mu wuce da maki uku, su kamo, su wuce da biyu, mu kamo. Zauren ya cika har ƙofa, na'urorin sanyi suka gaza, gumi ya jiƙa rigunan kowa. Ɗaliban can gefen suna buga ƙafa a benci, namu suna amsawa da gangar direba. Dattijo ya fuskanci bango tun ana saura minti biyar. Ni kuma ban san lokacin da na sauko daga bencina na dawo layin gaba ba.

Ana saura sakan huɗu muna gaba da maki ɗaya. Ɗan maƙwabciyata ya karɓi ƙwallo ya nufi kwando, ɗana ya tare shi ya buge masa hannu. Alƙalin wasa ya hura usur ya ba shi jifa biyu, wato ya tsaya a kan layi ya jefa ba mai tare shi. In ya jefa ɗaya an yi kunnen doki, in ya jefa biyu mun fita. Duk wanda ya san yaron ya san ba ya ɓarar da irin wannan jifa. A ƙofar gidana ya koye ta, a jikin wani ƙarfe da ni na ɗaura musu.

Gefenmu ya ɗauki fito da ihu da buga benci, duk da Larabci. Yaron ko a jikinsa, yana ta buga ƙwallon a ƙasa a nitse. Na san wannan hayaniyar ba za ta shige shi ba. Na kuma san abin da zai shige shi. Na daɗe ina son in gaya wa kaina cewa maganar suɓucewa ta yi, amma na tuna sarai na zaɓe ta. Na kira shi da sunan da ake kiransa a gida, na ce da Hausa:

"Ba za ka iya ba. Gudu za ka yi, kamar ubanka."

Ya juyo. Bai ɓata rai ba, kallona kawai ya yi kamar mai son tabbatar da bakin da maganar ta fito. Sannan ya maida fuskarsa ga kwando. Ta farko ta bugi ƙarfen ta dawo. Ta biyu ko ƙarfen ba ta taɓa ba. Wani ɗan wasanmu ya cafe, lokaci ya ƙare.

Ɗalibai suka kwararo fili. Dattijon nan ya juyo ya rungume ni yana sumbatar kaina, hawaye a gemunsa, yana cewa addu'arsa ce ta ci. Ba ya jin Hausa, shi da kusan duk wanda ke zauren. Amma direba ya ji. Na hango shi ya ajiye gangarsa a kan benci, da idonmu ya haɗu sai ya kau da kai. Ɗana ma ya ji, don shi ne mafi kusa da layin. Abokansa suna tsalle a kansa, shi yana tsaye hannu a ƙugu yana kallon ƙasa.

Na jira su a mota har aka kira magariba. Ɗana ya aiko mini saƙo cewa zai bi bas. Ɗan maƙwabciyata kuwa ban ga fitarsa ba.

A gida na riga ɗana magana. Na ce wasa ne, kowa ihu yake yi, ɗaliban can gefen ma ai sun zagi iyayenmu ba adadi, kuma da ban yi ba da tuni sun fita. Ya bar ni har na gama. Sai ya yi mini magana da Hausa, abin da ya daɗe bai yi ba, yana laluben kalmomin:

"Baba, da ka bari ya ci mu. Ni na buge shi, laifina ne. Yanzu ban san ko mu muka ci ba."

Ya ƙara da cewa kada in zo wasan ƙarshe. Uwarsa tana tsaye a ƙofar kicin. Da ya maimaita mata abin da na faɗa sai ta tambaya, ba ni take kallo ba, da wace fuska za ta shiga gidan maƙwabciyarmu gobe.

Kwana biyu ina jinkiri, sannan na je. Yaron ba ya nan. Uwarsa ta yi mini magana daga bayan ƙofa kamar kullum, ta yi mini barka da nasara da fara'arta, ta ce nata ya dawo ya ce shi ya ɓarar musu, ya ƙi cin abinci, tana ta ba shi haƙuri. A nan na gane bai gaya mata ba. Ina iya gaishe ta in juya. Na tsaya ina kallon takalmana, sannan na faɗa mata da bakina, kalma bayan kalma. 

"A gaban mutane?" ta ce.

Na ce e, Yaya, amma da Hausa ne, ba su ji ba.

"Shi ai ya ji."

Ta ce ita ba ta da abin da za ta yafe, tsakanina da yaron ne, in neme shi. Ta rufe ƙofar a hankali.

Ranar wasan ƙarshe na rufe shago kamar yadda na saba, na tuƙa har kwalejin, amma ban shiga ba. Na zauna cikin mota a wurin ajiye motoci, gilashi a ƙasa. Daga waje ihu duk ɗaya ne, ba ka sanin na wane gefe ne. Ya tashi, ya kwanta, ya tashi. Can sai aka yi wani dogon shiru, sannan ihu mai ƙarfi, kuma ban ji ganga a cikinsa ba. An ci mu da maki biyu. Dattijo ya fito jikansa yana riƙe da shi, yana ta faɗa wa duk wanda ya tsaya cewa rashina ne ya jawo, da na shigo da ba a ci mu ba.

A cikin masu fitowa na ga ɗan maƙwabciyata. Ashe ya zo, a gefenmu ya zauna, yana goyon bayan ɗana. Na sauko na tare shi. Na ce masa na yi kuskure, abin da na faɗa ba gaskiya ba ne, ya yafe mini. Ya saurare ni da ladabi, hannunsa a ƙirji. Da na gama ya ce, da Larabci:

"Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya ammi."

Haka ake ce wa kowane dattijo a hanya. Ya wuce wurin ɗana, suka tafi tare.

Kakar da ta biyo bai yi wasa ba, ya ce karatu ya yi yawa. Ɗana ya ƙara shekara ɗaya yana yi, ban kuma sake shiga zauren ba, shi ma bai ce in zo ba. Abotarsu tana nan, sai dai yaron ya daina shigowa gidana, a bakin layi yake tsayawa ya kira waya.

Bayan wannan ne wani mutumin garin abokina kafinta ya zo umara da labarin cewa abokin nawa ya rasu a can. Ya ce ya daɗe yana jinya, bai san tun yaushe ba, ba wanda kuma ya matsa masa da tambaya. Aka shimfiɗa darduma a ƙofar gidansu kwana uku. Ni na kawo kujeru, ni na riƙe butar gahawa ina zagayawa da ita. Yaron yana zaune a tsakiya yana karɓar gaisuwa, masu ta'aziyya suna ta faɗin kirkin ubansa, wasunsu na san abin da suka riƙa faɗa a da. Duk lokacin da na iso gabansa nakan zuba masa, ya karɓa da hannun dama ya yi godiya. A rana ta uku, da mutane suka watse, muka naɗe dardumar ni da shi, shi a wancan bakin ni a wannan, muka ɗora ta a motata na mayar wa masallaci.