Yauƙin da Ya Kama Ƙarfen Baba

Shekara talatin Baba ya yi yana wanke tankunan ruwa a gidajen mutane, har unguwa ta manta sunansa, kowa sai Mai Tanki. In mai gida ya ce a zuba magani kawai a wuce wurin, sai Baba ya shafo cikin tankin da yatsa ya nuna masa yauƙi. "Wannan ba ya jin magani, ranka ya daɗe. Sai an shiga an kankare."

Ranar da tsani ya zame da shi, ƙashin cinyarsa ya karye, aka sa masa ƙarfe da kusoshi shida a asibiti. Ya warke ya koma hawa, yana tsokanar Mama wai yanzu ya fi ƙarfinta.

Bayan wata takwas wani ɗan ƙurji ya fito a bakin ɗinkin, yana tsattsafo da ruwa. Baba ya ɓoye mana. Mutumin da ke hawa bene uku ko gezau, ashe wuƙar likita yake tsoro. Sai ya riƙa sayen kafso a kemis, in ya sha ciwon ya lafa, in ya daina ciwon ya dawo. Mama ce ta gano wajen wanki, wandunansa duk tabo a wuri guda. Ni na kai shi asibiti, ina ta faɗa a hanya, don tsananin tsoro.

Likitar ta daɗe tana duba hoton ƙafar. "Baba, ƙwayoyin cuta ne suka manne wa ƙarfen. Ƙarfe ba shi da jini, ba abin da zai kore su. Sun lulluɓe kansu da yauƙi, magani ta sama yake wucewa. In muka bari suka cinye ƙashin, ƙafar za mu rasa."

"Yauƙi kika ce, 'yata?"

"Yauƙi, Baba."

Ya sunkuyar da kai yana kallon yatsansa. Tausayinsa ya kama ni, faɗan duk ya tsere.

"Wata huɗu ina zuba magani a tanki," in ji shi. "To, a shiga a kankare."

An cire ƙarfen, ƙafar ta tsira, amma hawa ya ƙare. Tsanin yana nan jingine a bayan ɗaki, kuma har yau Baba bai yarda ƙura ta kwana a kansa ba.